Yoyon Kafaɗar Doki: Mikin Da Ya Ƙi Warkewa Da Abin Da Ya Haɗa Shi Da Garken Shanu

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau maganar dawaki za mu yi. Na san wani zai ce, to mu da ba mu da ko akuya, ina ruwanmu da ciwon doki? Ɗan yi haƙuri ka bi ni. Ciwon nan a bayan doki yake fitowa, amma sau da yawa daga garken shanu yake tasowa. Ƙwayar cutar da ke kawo shi kuma tana iya kwantar da mutum wata da watanni, ana ta ɗura masa maganin maleriya da taifot babu sauƙi. Saboda haka in kana hawan kilisa, ko kana hayar doki ranar hawan angwanci, ko gidanku akwai jakin ɗibar yashi, ko kuwa kai dai masoyin fura da nono ne, maganar ta shafe ka.

WANE CIWO NE WANNAN?

Likitocin dabbobi da Turanci suna ce masa fistulas widas. Fistula ita ce muke fassarawa da yoyo, kamar yadda ake cewa yoyon fitsari. Wato wata kafa ce da ciwo ya huda tun daga can cikin jiki har zuwa waje, ruwa ko mugunya suna ta tsiyaya ta cikinta. Widas kuwa shi ne tudun nan da ke tsakanin kafaɗun doki, daidai inda geza ta ƙare baya ya fara, inda gaban sirdi yake zama. A nan ne ake auna tsayin doki. Don sauƙi, a shirin nan zan riƙa ce masa yoyon kafaɗa.

Kafin mu gane ciwon, sai mun san abin da ke ƙarƙashin fatar wurin.

Doki yana da ƙasusuwan wuya guda 7, sai na gadon baya masu riƙe da haƙarƙari guda 18. Kowane ɗaya daga cikin na bayan nan yana da wani tsini da ya miƙe sama. Na farko-farkon, waɗanda suke tsakanin kafaɗu, su suka fi tsawo, kuma su ne suka tayar da wannan tudun. To daga ƙeyar doki akwai wata babbar jijiya mai talewa kamar roba, ta taho ta saman wuya ta zo ta hau kan waɗannan tsinaye. Wanda ya taɓa cin naman wuyan sa ya san irinta: jijiyar nan mai ruwan ɗorawa wadda ko an kwana ana dafa ta ba ta taunuwa. Ita ce take taimaka wa doki ɗaukar nauyin kansa da wuyansa ba tare da ya gaji ba.

Duk lokacin da doki ya sunkuya zai ci ciyawa ko ya ɗaga kai, jijiyar nan tana gogar kan ƙashi. Don kada gugar ta yi lahani, akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa mai santsi a tsakaninsu. Ka ɗauke ta kamar gammo tsakanin kai da tulu. To wannan gammon ne yake kumbura, ƙwayoyin cuta su shiga cikinsa, ya cika da ruwa, daga baya ya fashe ya huda fata. Yoyon kafaɗa kenan.

Akwai irin wannan 'yar jaka a ƙeya ma, bayan kunnuwa. Ita ma tana kamuwa da ciwo iri ɗaya, da dalilai iri ɗaya. Don haka duk abin da zan faɗa a kan kafaɗa, ya hau kan kumburin ƙeya.

TA INA YAKE SHIGOWA?

Hanyoyi biyu ne manya: ko dai ya shigo ta waje, ko ya taso daga ciki.

Ta waje ita ce wadda kowane ɗan barga ya sani. Sirdi ne bai dace da bayan dokin ba, ƙwacciyar gaba ta sauko ta zauna daram a kan ƙashi. Ko huhun sirdin ya mutu ya yi tauri. Ko zubkar ta sha gumi da ƙasa ta bushe ta zama kamar faifai. Ko an ɗaure majayi sako-sako, sirdi yana ta kai da komo. A wajen jaki kuma akumari ne ya lalace, ko mangala ta fi nauyi a gefe ɗaya tana ta ja. Wani lokaci cizon wani ingarma ne, ko dokin ya yi birgima a kan dutse, ko ya kutsa ta ƙaramar ƙofa ya bugi kafaɗa. Fata ta saɓule, ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a kan fata da cikin turɓaya su samu ƙofa, su yi ta nutsawa har su kai ga 'yar jakar nan.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Dokin da ya rame shi ya fi shiga haɗari. Da rani, in harawa da dusa suka yi tsada, naman da ke gefen tudun ya zube, ƙashi ya fito fili. Sirdin da ya zauna lafiya lau da kaka, yanzu a kan ƙashi yake. Mai doki yana ganin ai sirdin nan ne dai na kullum, bai san bayan ne ya canza ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ciki, kuma ita ce ta sa na ɗauko wannan maudu'i. A nan babu rauni, babu saɓule, sai kawai a wayi gari a ga kafaɗa ta kumbura. Ƙwayar cutar ta bi ta cikin jini ne ta zo ta zauna a cikin jakar. Wadda aka fi sani da wannan aiki sunanta Burusela abotus, kuma asalinta ta shanu ce. Ita ce take kawo cutar da makiyaya suke kira bakkale: saniya ta yi ɓari cikin watannin ƙarshe na cikinta, mabiyiya ta ƙi faɗowa, nono ya ragu, wasu kuma gwiwoyinsu su kumbura su tara ruwa.

Lokacin da saniya mai bakkale ta yi ɓari ko ta haihu, ɗan tayin da mabiyiya da ruwan haihuwar cike suke da ƙwayar cutar. Suna zuba a kan ciyawa, a bakin mashaya, a cikin turke. Rana mai zafi tana kashe ƙwayar da wuri, amma a inuwa mai danshi tana iya yin watanni da ranta. Doki ya zo ya yi kiwo a wurin, ko aka yanko masa ciyawar wurin, ko ya sha ruwa a kwatarniya ɗaya da shanun. Ya haɗiye ta kenan. A jikin doki ba kasafai take kawo ɓari ba, ta fi son jakunkunan ruwan nan da gaɓoɓi. In ta haɗu da wasu ƙwayoyin cutar masu kawo mugunya, sai ciwon ya ƙara muni.

Akwai kuma wata siririyar tsutsa da ke zama a cikin jijiyar wuyan doki, wadda ƙananan ƙwari masu cizo suke yaɗawa. Dangi ce ga tsutsar da ke makantar da mutane a garuruwan bakin kogi. Ana samun ta a wasu dawakin masu wannan ciwo, kuma ana ganin tana raunana jijiyar ta share wa sauran cututtuka hanya.

ƊAN TARIHI

A 1887 wani likitan sojan Birtaniya, David Bruce, yana aiki a tsibirin Malta, inda wani zazzaɓi yake ta kwantar da sojoji. Shi ya fara ciro ƙwayar cutar daga saifar waɗanda suka mutu, kuma daga sunansa aka samo Burusela. A 1897 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Denmak, Bernhard Bang, ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari. A 1905 wani likita ɗan Malta, Themistocles Zammit, ya gano cewa awakin tsibirin ne ke ɗauke da cutar, ta nononsu take shiga mutane. Sai a 1918 wata masaniya Ba'amurkiya, Alice Evans, ta nuna cewa ƙwayar Bruce da ta Bang 'yan gida ɗaya ne.

A zamanin da Turai da Amurka suke noma da sufuri da dawaki, doki da saniya gona ɗaya suke kwana, kuma yoyon kafaɗa da na ƙeya sanannun ciwuka ne a wajensu. Amurka ta fara shirin yaƙi da bakkale a shanu a 1934. Birtaniya ta samu shaidar rabuwa da cutar a 1985. Da cutar ta ja baya a shanu, sai ciwon kafaɗar ya yi ƙaranci a dawaki, har ya zama likita zai daɗe bai ga guda ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana inda gizo ke saƙar.

Mu kuwa a nan bakkale tana nan a garkunanmu. Bincike daban-daban a arewacin Najeriya sun samu alamar Burusela a jinin dawaki, kuma a 2004 masu bincike a Najeriya sun wallafa rahoton ciro Burusela abotus daga kumburin gwiwar wani doki. Ga shi kuma mu mutanen doki ne. Hawan Sallah a Kano, Katsina, Zazzau, Daura, Bida. Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, Hawan Bariki. Ga 'yan folo, ga 'yan sukuwa, ga matasa masu kilisa da yamma. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin alfahari ne, amma duk wannan ƙawa a kan bayan doki aka ɗora ta, kuma lifidi da jalala suna ɓoye abubuwa da yawa.

YAYA ZA KA GANE SHI?

Da farko kumburi ne a kan tudun, ko a gefe ɗaya, ko duka biyun. In ka ɗora hannu za ka ji ɗumi, dokin ya zabura ko ya lanƙwashe baya. In ka danna a hankali za ka ji kamar ruwa a leda. Dokin da da yake tsayawa a ɗaura masa sirdi, yanzu sai ya kwantar da kunne, ya kai cizo ko harbi. Za ka ga wuyansa ya sandare, ba ya son sunkuyawa ƙasa, yana taka ƙafafun gaba a takure. Wani yakan yi zazzaɓi ya rage cin abinci.

A wannan mataki ruwan da ke ciki garai-garai yake, ruwan ɗorawa, mai yauƙi. Kumburin yana iya saɓewa da kansa, a ɗauka an rabu da shi, bayan 'yan makonni ya dawo.

In aka bar shi, ko aka ci gaba da hawa, ko aka huda shi da abu mai datti, sai ya koma mugunya. Fata ta ɓule wuri ɗaya ko biyu ko fiye. Ruwa mai wari ya riƙa gangarowa ta kafaɗa, gashin wurin ya zube. Ƙudaje su taru, tsutsa ta shiga. A karkara har carki yakan sauka ya yi ta caccakar mikin. Wata kafar ta toshe ta yi tabo, wata sabuwa ta buɗe a gefe.

Bambancinsa da saɓulen sirdi na yau da kullum shi ne zurfi. Saɓule a fata yake, in ka huta da dokin ka tsabtace wurin, cikin mako biyu zuwa uku za ka ga yana haɗewa. Yoyon kafaɗa kuwa bakinsa ƙarami ne amma raminsa ya yi nisa, kuma ba ya daina zuba.

ME YA SA YAKE DA WUYAR MAGANI?

Dalili na farko, wurin da yake. Maruru in yana ƙasan ciki, da an buɗe shi mugunya za ta zube da kanta. Wannan kuwa a ƙololuwar jiki yake. Bakin yana sama, mugunyar kuma ƙasa take bi. Sai ta yi ta kutsawa tsakanin tsoka da tsoka, ta bayan allon kafaɗa, tana haƙa aljihu iri-iri. Abin da kake gani a waje ɗan kaɗan ne daga abin da ke ciki.

Na biyu, jijiyar nan ba ta samun jini sosai. Magani kuma a cikin jini yake tafiya. In wani sashe na jijiyar ya mutu ya ruɓe, ko allura nawa ka yi ba za ta isa wurin ba, shi kuma ruɓaɓɓen naman zai ci gaba da ciyar da ciwon. Haka ma in cutar ta kama tsinin ƙashin.

Na uku, ita Burusela a cikin ƙwayoyin halittar jiki take ɓuya, har cikin waɗanda aikinsu shi ne kashe cuta. Ba kowane magani ne yake iya bin ta can ba.

Na huɗu, wurin ba ya hutawa. Doki ba zai daina motsa wuya ba.

Shi ya sa in ciwon ya yi nisa, maganinsa na gaskiya tiyata ce. Likita zai fara ɗaukar jini a gwada ko akwai Burusela. Akwai gwaji mai sauri da ake kira Ros Bengal, ana haɗa ɗigon ruwan jini da ɗigon sinadari a kan faranti, cikin 'yan mintuna a ga sakamako, sannan a tabbatar da wani gwajin. Zai ɗebi ruwan ciwon a kai ɗakin bincike a ga wace ƙwaya ce kuma wane magani ke kashe ta. In akwai na'ura, a ɗauki hoton ƙashi a ga ko ya taɓu. Daga nan a buɗe wurin, a yanke duk naman da ya mutu, wani lokaci har da sashen jijiya da kan ƙashi, a buɗe hanya ta ƙasa don ruwa ya riƙa fita. Sai wanki kullum, da magani na makonni, da hutu na watanni. Duk da haka ciwon yakan dawo, har a sake yin aiki karo na biyu.

Ina faɗar wannan ne don mu san girman bambancin da ke tsakanin kama shi yana ɗan kumburi da barinsa ya fashe. Dokin miliyoyi yana iya tashi daga aiki gaba ɗaya saboda kumburin da aka raina. Ga mai jaki kuwa abin ya fi ciwo, domin ranar da jakin bai fita ba, ranar ba a ɗora tukunya.

ABUBUWAN DA KE ƘARA ƁATA SHI

Mu faɗa wa juna gaskiya, akwai abubuwan da ake yi a barga da niyyar taimako amma suna ƙara dagula lamarin.

Sakiya ko tsaga kumburin da wuƙa. In kumburin bai riga ya fashe ba, kai da hannunka ka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. In kuma Burusela ce a ciki, ka watsa ta a hannunka da turkenka.

Zuba baƙin mai, ko ruwan batir, ko toka, ko kashin shanu. Baƙin mai yana korar ƙuda na ɗan lokaci, shi ya sa ake ganin kamar yana aiki, amma yana kashe sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Ruwan batir ƙuna ce kawai. Ƙasa da kashi kuwa su ne gidan ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, kuma doki yana cikin dabbobin da wannan cuta ta fi saurin kashewa. Duk dokin da ke da miki mai zurfi yana buƙatar allurar kariya daga gare ta.

Sayen allura a kasuwa a yi sau ɗaya ko biyu, da zuba ta ragu a daina. Wannan koya wa ƙwayar cuta jure magani ne. Kuma a sani, ba duk maganin shanu ne yake yi wa doki ba. Wasu suna jawo masa zawo mai kisa. Maganin kaska mai sinadarin amitaraz, wanda ake wanke shanu da shi, guba ne ga doki.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi ba ni haushi: a ninka tsumma a rufe mikin, a ɗora sirdi, a fita hawa ko a ba da haya. Dokin ba ya magana, shi ya sa ake samun damar yin hakan.

TO ME ZA KA YI?

Da ka ga kumburi a kafaɗa, sauke sirdi. Babu hawa, babu kaya. Ka ware dokin daga sauran dabbobi, ka ba shi kwatarniyar ruwansa shi kaɗai. Ka ɗaga masa abinci sama kaɗan don kada ya wahala wajen sunkuyawa. In bai fashe ba, kada ka taɓa shi da ƙarfe, ruwan sanyi kawai za ka riƙa zuba masa. In ya riga ya fashe, ka sa safar hannu, in babu ka ɗaura leda mai kauri. Ka wanke bakin ciwon da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita. Ka shafa man basilin a fatar da ke ƙasan mikin don kada ruwan ya cinye ta. Audugar da ka yi amfani da ita ka ƙone ta, ka wanke hannu da sabulu, ka hana yara wasa a wurin.

Sannan ka nemi likitan dabbobi na gaske, ka kuma roƙe shi a yi gwajin Burusela. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwanmu. Akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Akwai kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, kuma tana yin allurar rigakafin bakkale ta shanu mai suna S19, wadda ake yi wa maruƙa mata tun suna ƙanana.

In gwaji ya nuna Burusela ce, to maganar ta wuce doki ɗaya. Sai a tambaya, a ina ya samo ta? A duba shanun gidan, ko na wurin da ake yanko masa ciyawa.

ƁANGAREN MUTANE

A jikin ɗan Adam Burusela tana kawo zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ya sauka da safe ya taso da yamma. Ga gumi da dare har ya jiƙa shimfiɗa, ga ciwon gaɓoɓi da ƙugu, ga kasala da rama. Wasu maza marainansu sukan kumbura. Alamun sukan bayyana bayan makonni biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Da yake sun yi kama da na maleriya da taifot, mutum sai ya yi ta zagaye kemis-kemis. Maganinta haɗin magunguna biyu ne da ake sha na tsawon makonni shida ko fiye, a ƙarƙashin kulawar likita. In aka katse, takan dawo.

Kamuwa daga doki kai tsaye ba ta da yawa, amma tana faruwa, kuma mugunyar buɗaɗɗen miki ita ce haɗarin, musamman in kana da yanka a hannu ko ta fantsama maka a ido. Manyan hanyoyin kuwa su ne shan madarar da ba a tafasa ba, da nonon da aka yi da ita, da taɓa ɗan tayi ko mabiyiya da hannu tsirara, da aikin mayanka. Ba ina cewa a daina shan fura da nono ba ne fa, kada a je a ce na ce. Tafasa madara kafin a kwantar da ita ya isa ya kashe ƙwayar.

Don haka ɗan'uwa, in kana hulɗa da dabbobi kuma zazzaɓi ya ƙi barinka bayan an yi maganin maleriya, ka faɗa wa likita sana'arka. Ka ce masa kana kula da shanu, ko dokinka yana da miki mai yoyo. Wannan 'yar maganar tana iya sa ya yi gwajin da bai yi niyya ba.

RIGAKAFI

Yawancinsa ba ya cin kuɗi. Bayan ka ɗaura sirdi ka hau, ka sa wani ya zura yatsu tsakanin ƙwacciyar gaba da tudun kafaɗa. Ya kamata yatsu biyu zuwa uku su shiga a tsaye. In ba su shiga ba, sirdin yana kan ƙashi, a kai shi wajen baduku ya gyara huhu. Tara tsummoki a ƙasa ba ya gyara sirdin da ya matse, ƙara matsewa yake yi. Kafin ka ɗaure majayi, ka ɗaga tsakiyar zubka sama ta shige cikin ramin sirdi, kada ta miƙe ta danne tudun.

In ka sauka, ka shafa bayan dokin da tafin hannu. Wurin da ya yi ɗumi fiye da sauran, ko ya ɗan tasa, ko gashi ya murɗe, gargaɗi ne. Farin gashi da ya tsiro a tudun dokin da ba fari ba, shaida ce cewa an daɗe ana danne wurin. Ka wanke zubka, ka shanya ta, ka kakkaɓe. Kada a yi ta yawo da sirdi ɗaya daga wannan doki zuwa wancan, don kowane baya da irin ƙirarsa. Dokin da ya yi watanni a turke, kada ranar Sallah ta zama ranar farko da zai wuni da sirdi da kayan ado a ƙarƙashin rana, a fara sabar masa tun da sauran makonni. Ga masu jakuna, a daidaita nauyin mangala gefe da gefe, a yi akumarin da zai bar tsakiyar baya babu danniya.

A ɓangaren shanu, in saniya ta yi ɓari, a binne ɗan tayin da mabiyiya a rami mai zurfi ko a ƙone, kada a jefa wa karnuka. A nisanta dawaki daga wurin, a raba mashaya. Sabon doki ko sabuwar saniya da aka sayo, a ware su a sa likita ya duba kafin a haɗa su da na gida.

Mu matasa kuma muna da namu. Mu ne muke hayar dawakin nan, mu ne muke ɗaukar hoto a kansu mu ɗora a Instagram da TikTok. Kafin ka biya kuɗin haya, ka ce a ɗaga sirdi ka ga bayan. In akwai miki, ka ce ba ka so, a kawo wani. Ranar da masu haya suka ga dokin mai miki ba ya kawo kuɗi, ranar za su fara kai shi asibiti. Ƙungiyoyin mahaya kuma, kamar yadda ake haɗa kuɗin anko da na kayan ado, a haɗa na kiran likita ya zagaya barga-barga kafin Sallah.

A nan zan dakata. In kana da aboki mai doki, ko kawu mai jaki, ko maƙwabci makiyayi, ka tura masa wannan, in ba ya karatun boko ka karanta masa. Allah Ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.